Shanun Baffa Hambali a Cikin Kwamfuta

In kana son ka ga yadda ake amsa tambaya ba tare da an amsa ta ba, ka zo Fagam ka nemi Baffa Hambali. Ka tambaye shi shekarunsa, ya ce, "An ɗan jima." Ka tambaye shi 'ya'yansa nawa, ya ce, "Allah ya raya." Ka ce masa ina zuwa, ya nuna maka gaba da sanda, kamar kai ba ka ga inda ya dosa ba. Amma tambayar da ba a yi masa ko da wasa ita ce ta shanu. Wanda ya kuskura ya ce, "Baffa, shanunka nawa?" to ya jawo wa kansa harara mai raka mutum har gida.

Ni sunana Rabi'u, ina da rumfar cajin waya a bakin kasuwa, inda dattawa ke zama da la'asar suna jiran wayoyinsu su cika suna gyara duniya da baki. Matar Baffa, Hajjo, goggona ce, don haka a gidansa na sha nono har na yi wayo.

Bafillace ne, irin waɗanda Fillancin ya tsere musu tun zamanin kakanni, ya bar musu dogon hanci da kunya da son saniya. A ruga aka haife shi, gabas da gari, bayan shanu ya tashi, kuma tun yana ƙarami mahaifinsa ya ɗura masa cewa ba a ƙirga shanu, balle a faɗi adadinsu. Tsofaffi sun ce don gudun baki ne, wasu suka ce tsoron masu jangali ne ya zama al'ada. Shi dai Baffa bai taɓa neman dalili ba. Ai ba ya bukatar ƙirga. Kallo ɗaya zai yi wa garke ya ce wance ba ta dawo ba, kamar yadda uwa ke sanin ɗan da babu a bakin akushi.

Yanzu bari in faɗi abin da mutanen Fagam ba su sani ba a lokacin, tunda shi da kansa ya ce in faɗa. Shekarun baya, da gonaki suka cinye burtali, kiwo ya gagara a nan, sai Baffa ya tura garkensa kudu tare da ɗan farinsa Ismail. Ya bar shanu uku a gida don Goggo Hajjo ta riƙa samun na tatsa. Can ciwon huhu ya shiga garken. Waɗanda ba su mutu ba, mahauta suka karɓe su a wulaƙance. A rumfata aka kira, ni na riƙe masa wayar a kunne, ina jin Ismail yana kuka kamar yaro. Baffa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To. Ka zauna can tukuna."

Wannan "tukuna" ita ce ta ƙi ƙarewa. Domin ranar da Ismail ya shigo Fagam daga shi sai sanda, ranar kowa zai san garken Hambali ya ƙare. Sai yaron ya kama gadi a wani gidan bulo a can, salla ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, uwarsa ba ta sa shi a ido ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Ina ƙaunar Baffa, amma sau da yawa nakan ji kamar in girgiza shi.

Shi kuwa alfaharinsa shi ne bai taɓa yin ƙarya ba. In aka ce, "Baffa, ya na kudu?" sai ya shafa gemu ya ce, "Suna inda Allah ya ajiye su." Jama'a su ce ma sha Allah.

Mutum ɗaya ne ke taka shi ya kwana lafiya, wato Sabo mai goro. Sabo Babarbare ne, kun kuwa san tsakanin Barebari da Fulani. Kowa a cikinsu cewa yake ɗayan bawansa ne, tun suna samari suke wannan shari'a, har yau ba a yanke ba. Sabo ya yi firamare, yana karatun boko, bakinsa kuma ba ya da linzami. Amma ko shi bai san maganar garken ba.

To, sai aka buɗe wani sabon kantin maganin dabbobi a Birnin Kudu. Mutane suka sa masa Kantin Gilashi, saboda ƙofarsa gilashi ce tas, har an ce wani tsoho ya buga goshi ya tsaya yana ba ta haƙuri. Labari ya zo cewa maganinsu ya fi araha, muddin ka karɓi katinsu. Banza ba ta kai zomo kasuwa, amma wa zai tsaya tunanin wannan alhali maganin tsutsa ya yi tsada? Ranar nan za ni sayo wayoyin caji, sai muka shiga mota ɗaya, ni da Baffa da Sabo, wanda ya ce ba zai bar bawansa ya ɓata a birni ba.

A bayan kanta akwai wata yarinya mai fara'a, Khuzaima, da kwamfuta a gabanta. Ta gaishe da Baffa har da rusunawa, ta kawo masa maganin, sannan ta ce, "Baba, bari in buɗe maka kati. Sunanka?"

"Hambali."

"Lambar waya?"

Ya juyo ya dube ni, na karanta mata.

"Gari?"

"Can wajen Gwaram."

"Wane gari a Gwaram, Baba?"

"Yo 'yata, aurena za ki yi ne? Magani na zo saya."

Ta yi dariya ta ce ƙa'idar kanti ce. Ya faɗi Fagam da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori. Sai ta zo kan tambayar da na san za a yi ta.

"Shanunka nawa?"

Baffa ya dubi silin. Ya dubi fanka. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Ma sha Allah, Baba. Nawa ne?"

"Akwai albarka."

"Baba, gurbin lamba yake karɓa, ba ya karɓar albarka."

Nan Sabo ya kutso kai, goro cike da baki. "Ke yarinya, ina kika taɓa jin Bafillace ya faɗi shanunsa? Ai gara ki tambaye shi sunan surukarsa. Wannan da kike gani bawana ne, dukiyarsa tawa ce, ni zan faɗa. Rubuta ɗari uku."

Khuzaima ta dubi Baffa tana jiran ya musa. Ni ma na dube shi. Da ya ce a'a, za ta ce to nawa ne. Da ya ce e, ya yi ƙarya. Sai ya gyara zaman hularsa ya yi shiru, ita kuwa ta ɗauka shiru ma magana ce, ta danna. A hanyar dawowa na lura da shi yana murmushi shi kaɗai ta taga. Ko lokacin da garken ke raye bai kai rabin haka ba.

Ba a yi mako ba waya ta fara ruri. Wayar da da sai ta yi kwana da kwanaki ba wanda ya taɓa ta sai Ismail, yanzu ta zama kamar ta ɗan siyasa. Masu dusa daga Kano, masu haƙa rijiyar burtsatse, wani mai sayar da fili a Dutse, wata mata mai daɗin murya da ke son ya yi wa shanunsa inshora. Kowa ya kira sai ya ce, "Da Alhaji Hambali nake magana?" Baffa da bai taɓa wuce Kano ba, aka kai shi Makka aka dawo da shi a kyauta.

Da farko ya yi ta faɗa. "Kai Rabi'u, wa ya ba su lambata? Ni mutum ɗaya na ba, ita ma kai ka ba ta." Na ce masa ai kantin ne ke raba wa abokan cinikinsa. Ya ce, "Au, ashe ni ma haja ce a kantin?" Amma sannu a hankali sai abin ya fara yi masa daɗi. In wayar ta yi ƙara a rumfa, sai ya bar ta ta yi ta yi har kowa ya juyo, sannan ya ɗauka ya ce, "Na'am. To. A'a, ba yanzu ba. Zan duba." Tafiyarsa ma ta canza. Goggo Hajjo ta ce har tari ya koma yi irin na masu kuɗi.

Ita abin bai ba ta dariya ba ko kaɗan. Wata safiya na kai musu wayar na tarar tana tatsa, tana magana ba ta ɗago ba. "Malam, waɗannan shanun na cikin waya, a cikinsu wace ce za ta dawo mini da yaron nan?" Ba ta faɗin sunan Ismail, ɗan fari ne. Baffa ya yi kamar bai ji ba, ya shiga duba kofaton saniya.

Ranar da abin ya fashe, da la'asar ne, rumfata cike. Saƙo ya shigo wayar Baffa tana kan caji. Ni nake karanta masa saƙonni, a hankali, a kunne. Amma ranar ina can ina fama da wata waya da ta sha ruwa, sai Sabo ya yi wuf ya cire ta. Ya miƙe tsaye, ya yi gyaran murya kamar sanƙira.

"Jama'a a saurara! 'Alhaji Hambali Fagam, Kantin Gilashi na gaishe ka. Lokacin rigakafi ya yi. Ga shanunka ɗari uku, mun tanadar maka rangwame na musamman.'"

Rumfa ta ɗauki salati. Kowa ya san Sabo da ƙarin gishiri, da daga bakinsa maganar ta fito ba wanda zai kula. Amma wannan kwamfuta ce ta faɗa, kuma a wurin mutanenmu kwamfuta ba ta ƙarya, tunda ba ta da dangi. Sabo kansa, da ya ga abin a rubuce, sai ya manta shi ya ƙirƙiro lambar, ya fara cewa ai shi dama ya sani. Kafin magariba labari ya zaga gari, kafin ranar kasuwa ya kai garin Sara. Mai shayin da ke kusa da rumfata ya fara ƙara wa Baffa madara ba a tambaye shi ba.

Bayan kwana biyu sai ga liman, Malam Jafaru, har gida. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya cin fuska. Aka shimfiɗa masa tabarma, ina gefe. Ya yi ta kewaye-kewaye a kan damina da tsadar taki, sannan ya sauka inda zai sauka.

"Malam Hambali, Allah ya ƙara albarka. Na san kai mutum ne mai ɓoye alherinsa, wataƙila can kudu kake fitarwa. Amma ka san zakka, na kusa ya fi cancanta. Kowane talatin, maraƙi ɗaya. In lissafin da ake faɗa haka yake, maruƙa goma ke nan. Ga Batulu da marayunta, ga wasu. Ko biyu ka sa aka kawo nan, an share hawaye."

A nan dabarar Baffa ta ƙare. Ana iya ce wa ɗan kasuwa "akwai albarka", amma ba a ce wa liman haka a kan haƙƙin Allah.  Daga ƙarshe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni kwana kaɗan."

Da liman ya tafi, Baffa ya daɗe zaune. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, ko ya ba Batulu ɗaya daga cikin na gida, a ce somin-taɓi ne. Goggo Hajjo ta fito daga ɗaki da muciya a hannu. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Malam, ka ba da ɗana don kada a sani, na yi shiru. Yanzu abincin bakinmu za ka bayar? In ka ba da ɗaya, sauran taran fa? Ni za ka ɗaura wa igiya?"

Washegari ya ce in raka shi Birnin Kudu, kada Sabo ya ji. Tunaninsa shi ne, tunda daga kwamfuta maganar ta fito, in aka goge ta a can, shi ke nan ta mutu. Na so in ce masa magana zarar bunu ce, amma na ga fuskarsa na haƙura.

Khuzaima ta gane shi nan take. "Alhaji, sannu da zuwa!"

"Ba Alhaji ba ne. 'Yata, abin nan da kika rubuta, goge shi."

Ta yi masa bayani a hankali. Waɗanda suka riga suka karɓi lambar, ita ba ta da ikon ƙwato ta a hannunsu. Katin ma ba ta iya rufe shi sai mai kanti, shi kuma yana Kano. Abin da take iyawa shi ne gyara, amma gurbin ba ya zama babu komai, dole a sa wata lamba a madadin waccan. Na ga kunya a idonta, don ta fahimci akwai abin da ta taɓa ba da sani ba.

"Baba, nawa zan sa?"

Kantin ba kowa sai mu. Baffa ya jingina sandarsa da kanta. Na zaci zai sake duban fanka, sai na ji ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Akwai Saye."

Khuzaima ta dube ni. Na yi mata alama ta saurara.

"Akwai Fure, 'yarta. Akwai Wule, ita ta tsufa, amma tana ba da nono."

Ya yi shiru. Tana jira ya ci gaba, hannunta a kan madannai. Da shirun ya yi tsawo sai ta gane. Ba ta furta lambar ba, Allah ya yi mata albarka, ta dai danna sau ɗaya. Sannan ta ce, "Baba, in an yi gyara, saƙo yana zuwa wayarka da kansa. Ka sa a goge shi da ya shigo, kada wani ya gani."

Ya ce, "To."

Muna cikin mota saƙon ya shigo. Na miƙa hannu zan goge, ya riƙe wayar ya sa a aljihu. 

Da la'asar rumfa ta cika kamar kullum, har Malam Jafaru yana nan yana jiran tasa wayar. Baffa ya zo ya zauna a inda ya saba. Ya ciro wayar ya miƙa wa Sabo. "Kai bawa, tunda kai ne mai karatun gari, karanta musu wannan ma."

Sabo ya karɓa da murna, ya miƙe, ya yi gyaran muryarsa. Idonsa ya bi layin farko, ya bi na biyu. Sai na ga goron ya tsaya a bakinsa. Ya dubi Baffa, ya sake duban wayar. 

"Karanta mana!" in ji mai shayi.

Sabo ya ce, "Ba komai ba ne. Cewa suka yi, gishirin lasa ya ƙara kuɗi. 'Yan kasuwa dai, ba su da aiki sai damun mutane." Ya yi sauri zai cusa wayar a aljihun Baffa.

Wallahi a lokacin na ji ƙaunar tsohon nan mai bakin tsiya ta kama ni. Ya buɗe wa abokinsa ƙofa, in ya so ya fita da mutuncinsa. Baffa ya dube shi ya yi ɗan murmushi.

"Babarbare dai bai iya ƙarya ba, sai yawanta." Ya juya wajen liman. "Allah ya gafarta Malam, waɗanda kuke gani a gida, su ke nan. Na kudu sun ƙare tun shekarun baya. Ba ni da na zakka. A ba Batulu haƙuri."

Ba wanda ya yi dariya. Mai shayi ya sunkuyar da kai. Malam Jafaru ya yi salati, ya ce Allah ya mayar da alheri, jama'a suka amsa. Wani dattijo daga ruga ya ce, cikin ɓacin rai, "Haba Hambali. Ka ɗauke mu mutanen banza ke nan?" Sabo kuwa ya koma gefe yana ta goge ido da hannun riga, yana cewa hayaƙin mai shayi ne.

Baffa bai tsaya karɓar jaje ba. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kira mini wancan yaron."

Na kira, na sa a kunnensa, amma wayar irin mai ƙarar nan ce, duk rumfa ana ji. Ismail ya gaishe shi, ya tambayi Inna, ya tambayi shanu.

"Suna lafiya. Ka haɗa kayanka ka taho gida."

 Sannan muryar Ismail ta dawo, a hankali, irin ta mai tsoron a ji.

"Baffa, in bari sai dare in shigo ta bayan gari?"

Baffa ya karɓi wayar daga hannuna ya riƙe da kansa.

"Da rana za ka shigo. Ranar kasuwa. Ka sauka a tasha, ka biyo ta nan ka gaida mutane, uwarka tana jiranka."